Takardar da Ke Shiga Ofis Kafin Mai Ita



Ƙannena da kuka kammala karatun jami'a, an ba ni dama in yi magana a kan takardar nan da muke kira CV. Sunan daga harshen Latin yake, ma'anarsa tafarkin rayuwa. Ita ce ke shiga ofis kafin mai ita, ta yi magana a madadinsa yana gida. Idan ta gamsar, a kira shi ganawa. Idan ba ta gamsar ba, ba za a taɓa ganin fuskarsa ba, komai hazaƙarsa.

Kukan da na fi ji daga bakinku shi ne: "Malam, me zan rubuta? Ban taɓa aiki ba." Na zo in ce muku wannan magana ba daidai ba ce. Kun yi aiki. Abin da ya hana ku faɗa shi ne tarbiyyar da muka taso da ita, wadda ta koya mana cewa yabon kai jahilci ne. Karin maganar gaskiya ce, amma yabon kai daban, ba da shaida daban. Wanda ya rubuta "ni haziƙi ne mai ƙwazo" ya yabi kansa, kuma babu mai ɗaukar ma'aikata da zai yarda don ya faɗa. Wanda ya rubuta "na koyar da lissafi ga ɗalibai 60 a aji uku na ƙaramar sakandare tsawon shekara guda" shaida ya bayar, wadda za a iya bincikawa. Kunya ba ta hana ba da shaida.

To, ina aikin yake? Wanda ya karanta injiniyanci ko kimiyya ko aikin gona ya yi watanni yana koyon aiki a ƙarƙashin shirin SIWES. Wadda ta karanta fannin ilimi ta yi gwajin koyarwa. Kusan kowa ya rubuta kundin bincike a shekarar ƙarshe, ya tattara bayanai, ya kare su gaban malamai. Ga kuma bautar ƙasa, wadda gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa a 1973: shekara guda cur a makaranta ko asibiti ko ma'aikata, da aikin raya al'umma na mako-mako. Duk wannan aiki ne.

Akwai kuma wanda kuka fi rainawa. A 2022 yajin aikin malaman jami'a ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Da yawanku ba ku zauna ba. Wani ya tsare shagon mahaifinsa a Kantin Kwari, yana riƙe da littafin bashi da lissafin kaya. Wata ta buɗe ɗinki, tana karɓar aiki ta WhatsApp. Wani ya koyar a Islamiyyar unguwa. Ku rubuta su da sunansu da lokacinsu da adadinsu. Mai neman akawu zai so wanda ya taɓa riƙe kuɗin mutane bai ci amana ba.

Game da tsari, ba zan ja ba. Shafi ɗaya ya ishi sabon mai digiri, biyu iyaka. A sama, suna da lambar waya da adireshin imel mai ɗauke da sunanka na gaskiya, ba laƙabin da abokai ke kiranka ba. Sai karatu, a fara da na baya-bayan nan. Sai aiki, sai abin da ka iya na kwamfuta, sai harsuna. Kada ka manta da Hausa da Fulfulde da Kanuri da Larabci, domin ƙungiyoyin agaji da na lafiya da ke aiki a karkara suna bukatar mai jin harshen mutanen wurin. Jiha da ƙaramar hukuma suna da amfani idan aikin gwamnatin tarayya ne, saboda tsarin raba daidai tsakanin jihohi. Kada ka sa sunan wani a matsayin mai tsaya maka sai ka nemi izininsa. Kuma kada ka je shagon kwamfuta a goge sunan wani daga takardarsa a sa naka. Kowane aiki da irin takardarsa: karanta sanarwar, ka ɗauko abin da suka nema daga cikin abin da ka yi, ka sa shi a gaba.

Abu na ƙarshe shi ne ya fi nauyi. Na san wasu kamfanoni na iyakance shekaru, kuma yajin aiki ya cinye muku lokaci. Duk da haka kada ku rage shekara, kada ku ƙara matakin digiri. A 1999 Kakakin Majalisar Wakilai, Salisu Buhari, ya sauka daga kujerarsa saboda batun shekaru da digirin Jami'ar Toronto da ya ce yana da shi. A 2018 Ministar Kuɗi, Kemi Adeosun, ta yi murabus a kan takardar yafe bautar ƙasa da aka gano ta jabu ce. Idan takarda ta iya sauke masu irin wannan muƙami, ina ga mai neman aikin farko? Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Ƙannena, in kun koma gida yau, ku ɗauki biro ku lissafa duk abin da hannunku ya taɓa yi tun daga aji ɗaya na jami'a. Ku zaɓi mafi ƙarfi, ku rubuta shi yadda ya faru, ku ba wani malami ya duba muku kurakurai kafin ku aika. Ku faɗi gaskiyarku gaba ɗaya, ba ragi ba ƙari. Allah Ya ba ku aiki mai albarka.