Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi

Jawabin da aka yi wa jama'a a Kiyako, ƙasar Birnin Kudu

Ya ku 'yan'uwana talakawa, manoma da 'yan kasuwa.

Kaka ta wuce, samarinmu sun fara ɗaure kayan ci-rani. Waɗansu sun ji labarin shuɗin yaƙutu, watau dutsen nan mai daraja da ake haƙowa a Mayo Sina kusa da Nguroje, bisa tsaunin Mambila cikin Jihar Taraba. To, ku saurara kafin ku hau mota.

Ga yadda aikin yake. Mutum ya shiga rami ya ɗebo tsakuwa, ya kai bakin rafi ya wanke ta cikin rariya. Yaƙutu ya fi tsakuwa nauyi, saboda haka shi ke kwantawa ƙasa. Sai a kwana talatin ana wanki ba a ga ko ƙwaya ɗaya ba. Ran da Allah ya bayar kuwa, sai ga dillali da ɗan sikelinsa da tocilarsa.

Nan fa ake cin talaka. Dillali ya san awo, mai haƙa bai sani ba. Awon dutsen nan sunansa karat, karat 5 shi ne giram 1. Dillali ya haska, ya taɓe baki, ya ce launin ya dushe, ya miƙa kuɗin tuwo. Daga nan dutse ya wuce ƙasar Tailan, a gasa shi da wuta launinsa ya fito, a gyara shi, a sayar wa attajiran duniya. Wanda rami ya kusa binnewa ya tashi da laka, wani ya tashi da riba.

Sa'an nan ga doka. Dokar Ma'adinai ta 1999 an sake ta a 2007, ta ce duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa na Gwamnatin Tarayya ne. Wanda ya yi haƙa ba lasin, ana iya kama shi a ƙwace abin da ya samu. Amma dokar nan ta buɗe wa ƙananan mahaƙa ƙofar neman lasin, musamman in sun haɗu cikin ƙungiya.

Saboda haka, jama'a, kada ɗanku ya tafi shi kaɗai. Ku haɗa kai ku nemi takarda, ku yi karo-karo ku sayi sikelinku. Kada ku sallama wa mai tayin farko. Ku 'yan kasuwa, ba ku sayar da buhun gero sai kun ji farashin kasuwa. Ku koya wa yaran nan haka.

Allah ya kai su lafiya, ya dawo mana da su lafiya. Haza wasalam.