KURI'AR DA TA KWANA A GIDA
Jawabi ga wakilan rassan jam'iyya, a taron Yamai

 Magana ɗaya ta tara mu yau, watau maganar mutumin da ke da kuri'a amma bai je ya jefa ba.

Ku tuna ba kyauta aka ba mu kuri'an nan ba. Har shekarar 1946 kwamanda yana kwasar iyayenmu aikin dole, ba mai tambayarsu. A wannan shekara aka soke aikin dole, aka kuma kafa jam'iyyar PPN a nan Yamai. Amma zaɓe ya zauna hannun mutane kaɗan, ma'aikata da sarakuna da tsofaffin soja da irinsu. Sai a 1956 dokar Defferre ta ba kowane baligi kuri'a, mace da namiji. A ƙarshen shekarar nan Djibo Bakary ya zama zaɓaɓɓen magajin garin Yamai na farko. A watan Maris 1957 ɓangarensa ya ci kujeru 41 cikin 60 na majalisar ƙasa, PPN ta Diori Hamani ta sami 19.

To, sai ga ranar 28 ga Satumba 1958. Janar de Gaulle ya ce a zaɓa: ko I, a zauna tare da Faransa, ko A'a, a karɓi mulkin kai nan take. Sawaba mai raƙumi ta ce A'a, RDA mai giwa ta ce I. Da aka ƙirga, I ta sami wajen 78 cikin 100.

Mu yi lissafin nan kamar yadda muke yi wa yara a allo. Ɗauki mutum 100 masu suna cikin littafin zaɓe. Kamar 28 suka ce I, kamar 8 suka ce A'a, fiye da 60 ba su zo ba. Ashe jam'iyyar da ta fi kowace yawa ran nan ita ce ta masu zaman gida.

Mun san an yi matsi. An kawo sabon gwamna, Colombani, ana saura makonni kaɗan, sarakuna da yawa kuma suka juya wajen I. Lokacin kaka ne, talaka yana gona yana yankan gero, rumfar zaɓe tana nesa. Duk gaskiya ne. Amma mai matsi ba ya samun sauƙi sai inda ya tarar da fili ba kowa. A Gine mutane sun fito ƙwansu da kwarkwata suka ce A'a, ran 2 ga Oktoba suka sami ƙasarsu. A nan kuwa gwamnatin Djibo ta faɗi, aka haramta Sawaba a 1959, aka shiga mulkin kai na 3 ga Agusta 1960 da jam'iyya ɗaya tak. Ko kai ɗan raƙumi ne ko ɗan giwa, wannan darasi naka ne.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun kafin a sa ranar zaɓe, ga aikin kowane reshe:

1. A bi unguwa gida gida a san wanda ke da katin zaɓe da wanda ba shi da shi. Wanda ba shi da shi a raka shi ya karɓa.

2. Ran kasuwa kada a tsaya kan kiɗa da kirari. A zauna da mahauta da madugai da masu awo, a yi musu bayani kan haraji da kuɗin gyaɗa da rijiya da lakwal, don su ne ke kai labari ƙauye.

3. Mata su shiga gidaje wajen mata. Kuri'ar mace daidai take da ta sarki.

4. A gaya wa kowa kuri'a asiri ce. In ka shiga ɗaki, daga kai sai Allah. Wanda ya ba ka goro ko turmin zane bai sayi shekara biyar ɗinka ba.

5. Ran zaɓe a tanadi amalanke da jakuna saboda tsofaffi da na nesa.

6. Wakilinmu ya zauna bakin akwati tun safe, kada ya tashi ko don abinci sai wani ya canje shi. Da idonsa za a ƙirga, ya rubuta adadi, ya sa hannu.

7. Ban da zagi, ban da sanda. Ɗan wata jam'iyya maƙwabcinka ne, gobe tare za ku yi jana'iza.

'Yan'uwa, taro ya cika fili ba shi ne cin zaɓe ba. Akwati ba ya jin tafi, takarda yake ƙirgawa. Kowane wakili ya koma garinsu ya karanta wa reshensa wannan takarda, ya aiko mana da adadin masu kati na unguwarsa kafin wata ya mutu.

Allah ya taimaki talakawa. Allah ya ɗaukaka Nijar.