Yaƙin Allo Ba Ya Cin Saniyar Kowa



In ka sauke kaya a Accra ka shiga Nima ko Mamobi da yamma, za ka ga dattawa sun duƙufa a kan dara, yara kuma sun cika shagon kwamfuta suna tura runduna ta ci wata ƙasa. Wataƙila har da ɗanka a ciki. Yau a kan wannan wasa za mu tsaya.

Ba sabon abu ba ne. A 1824 wani hafsa mai suna Reisswitz, a masarautar Furusiya da ke cikin Jamus ta yau, ya nuna wa shugabanninsa wasan yaƙi a kan taswira: 'yan ƙarafa a madadin runduna, ga alƙalin wasa, ga ɗan ludo mai yanke sa'a. Sojoji suka karɓe shi don koyar da hafsoshi. Daga baya ya shiga kasuwa. A 1961 kamfanin Avalon Hill na Amurka ya fitar da wasan D-Day, mai kwaikwayon saukar sojojin ƙawance a gaɓar Faransa ranar 6 ga Yuni, 1944. Na kwamfuta jikokinsa ne.

Abin da mai kyau a cikinsu ke koyarwa, kai ka riga ka san shi: ina ruwa, ina mashigin kogi, guzurin kwana nawa, yaushe damina za ta rufe hanya.

Mu ɗauki misalin gida. A ce an zana mamayar Asante ta 1874 a kan allo. Janar Wolseley na Ingila ya taso daga Cape Coast, ya sa aka sare hanya zuwa kogin Pra, 'yan dako suna gudu, zazzaɓi yana kayar da sojojinsa. Kyaftin Glover kuma ya biyo ta gabas, wajen kogin Volta, da sojoji Hausawa. Wolseley ya shiga Kumasi ranar 4 ga Fabrairu, ya ƙone ta, ya juya da gaggawa don ruwa ya fara sauka. A allo, nan wasa ya ƙare, an ci.

To, amma ga fatake nan aka fara. Salaga ta ɓalle daga Asante, Asante ta toshe mata goro, ciniki ya karkata zuwa Kintampo. Mutumin da ya yi watanni a hanya daga Kano da jakunansa ya iso ya tarar kasuwa ta tashi. A 1892 yaƙin basasa ya ƙarasa Salaga, 'yan kasuwa suka watsu cikin zangunan kudu, har Accra. Wane allo ne ke lissafa wannan asara? Allo yana ƙirga bindiga, ba ya ƙirga shanun da aka kora ko matar da ta rasa mijinta.

Shi ya sa nake cewa kada ka tsaya ga hana yaro kawai. Zauna kusa da shi ka tambaye shi: garin nan da ka ci, su wa ke zaune a ciki? Rundunar taka, hatsin wa ta ci a hanya? Ka ba shi labarin abin da idonka ya gani a kasuwannin arewa da tashin hankali ya rufe, da burtalin da yanzu ba mai iya bi. A kwamfuta in aka kashe ka, maɓalli za ka danna ka tashi. Wanda aka yaudara ya shiga daji da bindiga ba shi da wannan maɓalli, haka ma mutanen rugar da ya faɗa wa.

Allah ya kiyaye hanya, ya tsare dukiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.