Wa Ke Zama a Bencin Gaba?



A hutun da ya wuce, waɗansunmu mun taya koyarwa a rabin aji na wata makarantar firamare da ke tsakanin Funtua da Bakori. Abin da muka gani can shi muke so mu ajiye a gabanku yau.

Yara ne 'yan shekara biyar, amma kafin mako biyu kowa ya riga ya san matsayinsa. 'Ya'yan ma'aikata da na 'yan kasuwa su ke bencin gaba. Can baya, bakin ƙofa, akwai wani yaro daga ruga wanda Hausarsa ba ta nuna ba. Duk sa'ad da ya buɗe baki sai aji ya kwashe da dariya, malam ma ya taya. Bayan 'yan kwanaki ya daina magana, malam kuwa ya ce mana daƙiƙi ne. Alhali yaron nan ya san shanun ubansa ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, in wata ta ɓace shi ke fara lura. Ashe wannan ba lissafi ba ne?

Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977, wadda ta biyo bayan shirin UPE na 1976, ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwarsa ko harshen jama'ar wurin. Mu Hausawa muka riƙe rabi na biyu na maganar, don shi ya yi mana daɗi. Gaskiya ne an kafa hukumar ilmin makiyaya a 1989, amma aikinta makarantun ruga ne. Ɗan Fulanin da ya shigo makarantar gari yana hannun malamin aji kaɗai.

Kada kuma mu ce harshe ne kawai. 'Ya'yan Maguzawa na ƙasar Malumfashi da Kafur Hausa suka sha a nono, amma mun ji ana kiransu arna a filin wasa, ba wanda ya tsawata. Tsintsiya kullum a hannun 'yan mata take, monita kuwa namiji ne. Bahago har yanzu yana shan rula a yatsu.

Jama'a, da yawanmu gobe mu ne malamai da jami'an ilmi na ƙananan hukumomi. Abin da muke roƙo bai bukatar kasafin kuɗi: a riƙa juya wurin zama kowane mako, a raba shara tsakanin maza da mata, malami ya koyi gaisuwa da ƙirga ɗaya zuwa goma da Fillanci, kuma in mai duba makarantu ya zo ya fara da tambayar 'yan baya.

Shi dai yaron nan, ran da muka je sallama ba mu same shi ba. An ce ya koma kiwo, ko da yake sunansa na nan cikin rajista.