JAWABIN ƘUNGIYA GA ƳAN BIDA: WANE GARI YA FI RIBA?

Iyayenmu dattawa, da ƴan uwa ƴan bida na ƙasar Madawa da Buza da Keita, muna yi muku barka da taruwa.

Kaka ta wuce, hatsi ya shiga rumbu, samari sun fara ɗaure kaya. Kowace shekara gardamar guda ce a bakin tasha: wannan ya ce Abijan, wancan ya ce Ikko, wani ya ce Libiya. Kowa yana faɗin abin da ake samu a yini, ba mai faɗin abin da garin ke cinyewa. Mu dai ma'auninmu guda ne: bayan haya da abinci da kuɗin mota, tiya nawa ta hatsi kuɗinka ke saye in ka komo gida?

Mu fara da Abijan. Can akwai sana'a, har abincin nan da ake kira garba sunan mutanenmu ya ɗauka, don su ke sayar da shi. Sefa ce kuma kuɗinsu, jikka a Ajame jikka ce a kasuwar Madawa. Amma ɗaki na da tsada, samari na cunkushe cikin guda, ruwa saye, wanka saye, hanya ga nisa. Kada mu manta da 2002 da 2011, sa'ad da rikici ya koro ƴan uwa da yawa hannu wofi.

Kano da Sakkwato kusa suke, harshe guda, abinci irin namu, in rasuwa ta faru ka iso gida da wuri. Cutar tana wajen canji. Dattawan da sunka yi Ikko farkon shekarun 1980 sun san naira lokacin da ta fi dalar Amurka ƙarfi. A 2024 dala guda ta haura naira 1,500. Sai mutum ya tara damin kuɗi, ya zo Konni ya canza, ya ga abin bai cika aljihu ba. Dattawan nan kuma sun ga korar baƙi ta 1983.

Libiya da Aljeriya lada ta fi yawa, gaskiya ne. Amma wanda ba ya da takardu barcinsa rabi ne. Mun ga waɗanda anka zubar cikin hamada, sunka tako da ƙafa har Asamaka, kuɗin aikinsu na hannun wanda ya sa su aiki. Ribar da ba ta iso gida ba, ba riba ba ce.

Yamai kuwa gida ce, ba mai tambayarka takardar zama, sai dai masu neman aikin sun fi aikin yawa.

Saura gari guda da ba mu sa shi cikin lissafi, shi ne namu. A nan ba haya. Itatuwan kare iska na Majiya tun 1975 anka fara dasa su. Aikin gyaran ƙasa na Keita da ya soma a 1984, mata ne sunka ɗauki mafi yawan duwatsunsa, don maza na bida. Albasar da ake nomawa a fadamunmu da rani, ita ce ke cika manyan motoci zuwa Abijan da Ankara, inda ɗanmu ke dakonta.

Ba mu hana kowa tafiya ba, mun san abin da ke fidda mu. Roƙonmu uku ne. Wanda zai tafi ya zauna da wanda ya komo daga can, su yi lissafi da tiya. Ya bar wa iyali cimaka da za ta kai su har aike na farko. Ya komo kafin shuka, don gonar tsoho ba ta jiran mota.

Allah ya kai matafiya lafiya, ya maido su da alheri, ya ba mu damina mai albarka. Amin.