Zaɓen Bindigar Farauta: Jawabin Wani Dattijon Maharbi A Taron Ƙungiya A Kafanchan



Shugaban taro, wakilin Mai Martaba Sarkin Jama'a, Allah Ya ja zamaninsa, malamanmu, iyayenmu, da 'ya'yanmu samari da na ga sun cika bayan zaure, ina yi muku barka da zuwa.

An ce in yi magana a kan yadda ake zaɓen bindigar harbin manyan namun daji, da harsashinta, da madubin nan na hangen nesa da ake ɗaura mata a bisa. Dalili kuwa shi ne samarinmu sun dame ni da tambaya. Suna kallon Turawa a cikin waya suna harbin ɓauna a Tanzaniya da Afirka ta Kudu, sai su zo su ce, "Baba, wannan wace iri ce, kuma nawa take?" To yau zan amsa, amma fa zan amsa har da ɓangaren da ba za ku so ji ba.

Abin da na tarar wajen magabata shi ne, da naman ake farawa kafin a je ga bindiga. Me za ka harba, a wane irin daji, kuma daga taku nawa? Gwanki babba yakan kai kilo 250 zuwa 300, ga shi da ido da kunne, ba ya yarda ka matso. Irinsa da kanki da gwambaza, raifil matsakaiciya ta ishe su, kamar .270 Winchester da aka fito da ita a 1925, ko tsohuwar Mauser mai lamba 7x57. Ɓauna kuwa wata aba ce daban. Fatarta da kauri, ƙashin kafaɗarta kamar turmi, kuma idan ka ji mata ciwo ba ka kashe ta ba, tana iya shiga duhuwa ta laɓe ta jira ka. Shi ya sa a ƙasashen da ake harbinta da izini, irin su Tanzaniya, ba a yarda a tunkare ta da abin da ya gaza .375 ba. Wannan lamba faɗin harsashin ke nan a ma'aunin inci. Kamfanin Holland & Holland na London ne ya fito da ita a 1912, kuma har yau ba ta tsufa ba. Nauyin harsashinta wajen giram 19 ne, yana fita da gudun da ya haura mita 750 a daƙiƙa ɗaya. Jamusawa su ma suna da tasu, 9.3x62, tun 1905. Harsashin kuma iri biyu ne: akwai mai taushin kai wanda ke buɗewa idan ya shiga jiki, akwai mai tauri wanda ke ratsa ƙashi ya wuce. Maharban ɓauna sukan riƙe duka biyun.

Sai dai wani abu da wayar ba ta nuna muku. Bindiga mai ƙarfi tana da naushi. Wanda ke tsoron naushin bindigarsa zai runtse ido lokacin da zai ja kunama, kuma wanda ya runtse ido ya riga ya kuskure. Gara matsakaiciya da ka saba da ita, ka san inda take kai harsashi.

Maganar madubi ba ta da tsawo. Yaranmu suna zaton wanda ya fi jawo abu kusa shi ya fi kyau. A fili mai faɗi, e, mai ninki 3 zuwa 9 yana da amfani. Amma a irin dajinmu, inda ciyawa ke shanye mutum bayan damina, madubi mai ninki da yawa zai cika maka ido da gashin dabba, ba ka san kafaɗa ba ce ko cinya, ba ka kuma ganin abin da ke bayanta. Mai ninki 1 zuwa 4 ya wadatar. A tabbata akwai tazarar kamar inci 4 tsakaninsa da ido, in ba haka ba ranar harbin farko zai tsaga maka gira. A gwada saitinsa a taku ɗari kafin a fita, a kuma rufe shi daga ƙurar hunturu.

To, wannan ita ce amsar tambayarku. Yanzu mu dawo gida.

Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi kashi uku. Kashi na farko haramtattu ne, sai da izinin Shugaban Ƙasa. A ciki akwai fistol, da mashinga, da raifil irin ta soja mai lamba 7.62 ko .303. Saboda haka duk wanda ya ce zai sayar maka da tsohuwar tiri-not-tiri don farauta, kurkuku yake sayar maka. Kashi na biyu su ne raifil ta farauta da bindiga mai baki ɗaya ko mai baki biyu, lasisinsu daga Sufeto Janar na 'Yansanda yake fitowa. Kashi na uku bindigar toka, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, ita ma ana neman takardarta a wajen Kwamishinan 'Yansanda na jiha. Ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai raunin gani, ko mashayi. Dokar soja ta 1984 a kan fashi da makami ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, ko tarar N20,000, ko duka biyun, ga wanda aka kama da bindiga ba lasisi. A 2023 kuma Sufeto Janar ya ba da sanarwar dakatar da bayar da sabon lasisi. Don haka kada kowa ya ba da ko kwabo sai ya je ofishin 'yansanda ya ji da kunnensa halin da ake ciki.

A ce ma ka sami raifil ɗin da takardarta, ina ɓaunar? Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, yakan ba mu labarin garken ɓauna a dazukan da ke tsakanin Jagindi da Godogodo, zamanin da jirgin ƙasa bai daɗe da zuwa Kafanchan ba. Ni kuwa rabona da ganin sawunta a ƙasar nan ya fi shekara talatin. Gona ta cinye dajin, citta da masara sun hau inda take kiwo. Inda manyan namun suka rage, kamar Yankari da aka keɓe tun 1956, da Kamuku ta Birnin Gwari da ta zama gandun Gwamnatin Tarayya a 1999, harbi haramun ne a ciki. Abin da ya rage mana shi ne gada, da mazo jefi-jefi, da zomo, da zabin daji, da aladen daji mai ɓarnar gona. Harsashin raifil kuwa idan ya kuskure yana iya tafiya fiye da kilomita 3. Ku gaya mini wane daji ne tsakanin nan da Zonkwa ko Kwoi za ka auna kilomita 3 ba ka ci karo da gona, ko ruga, ko mata masu itace ba?

Shi ya sa a ganina bindigar da ta dace da mu ita ce mai baki biyu, lamba 12. Ba ta bukatar madubi, kuma aikinta bai wuce taku talatin zuwa arba'in ba. A nan zaɓen harsashi ne ke nuna maharbi. Mai ƙananan 'ya'ya, lamba 4 ko 6, na tsuntsu ne da zomo. BB da AAA na gada. SG, mai manyan 'ya'ya guda 9, shi ne na mazo da alade. Wanda ya harbi mazo da harsashin zabo bai kashe shi ba, ya dai zalunce shi, zai je ya ruɓe a kurmi. A duba jikin bindiga a ga tsawon kwanson da take ci, 65 ne, 70 ne, ko 76, kada a cusa mata wanda ya fi ta tsawo. Kuma kada a haɗa harsashi lamba 20 da lamba 12 a aljihu ɗaya. Ƙaramin yana zarcewa cikin bututu ya maƙale, ka ɗora babba a kansa, sai dai Allah Ya kiyaye.

Masu bindigar toka, ina roƙonku abu guda. Kada ku farke harsashin kanti ku juye garinsa a cikin toka. Ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. Ina da aboki, tare muka tashi, ya yi haka wata shekara da albarushi ya yi tsada. A gabana bututun ya dare. Yatsu biyu ya bari a wurin, har ya koma ga Allah da hannu ɗaya yake noma. Farautar dare da fitilar goshi ita ma ku bar ta. Ido biyu da ke ƙyalli a duhu ba su gaya maka ko na gada ne ko na ɗan maraƙin Bafillace, balle wanda ke kwance kusa da shi. Idan ka gani sarai da rana, ka ambaci sunan Allah ka harba, in ka iske da rai ka yanka. Sauran hukunci ga malamai nan.

Iyayena, akwai dalilin da ya sa na matsa a kan maganar takarda. Duk wanda ke zauren nan ya san abin da ya faru a garin nan a watan Maris na 1987, da na Zangon Katab a 1992, da na 2011. A wani gari, idan aka kama mutum da bindiga ba lasisi, laifinsa ne shi kaɗai. A nan kuwa kafin la'asar labari ya zama an kama Hausawa da makamai, kuma mai tireda a kasuwa da bai taɓa riƙe ko baka ba shi zai kwana da fargaba. Maƙwabtanmu Kagoro da Bajju da Kaninkon da Fantsuwam su ma maharba ne na asali. Bikin Afan da ake yi a Kagoro ran 1 ga Janairu, tushensa kammala girbi ne da buɗe lokacin farauta. Suna da dazukan da ba a shiga, suna da lokacin da ba a harbi. Mahaifina bai taɓa shiga dajin wani gari ba sai ya fara sauka wajen mai gari, in ya samu kuma ya aika masa da cinya. Na bi wannan hanya fiye da shekara arba'in, ba a taɓa tare ni ba sai dai a nuna mini inda mazo ke shan ruwa.

Na roƙi sakatare ya buɗe littafi bayan sallar azahar. Duk mai bindiga a gida, ko ta gado ce da ke rataye tun zamanin kaka, ya zo da takardarta a duba ko tana bukatar sabuntawa. Wanda ba shi da takarda kuwa ya same ni a keɓe, mu nemi lauyan ƙungiya ya raka shi ya miƙa ta. Ranar Asabar mai zuwa kuma, in Allah Ya kai mu, samarin da ke son koyon bin sawu su same ni bayan asuba. Kowa ya zo da takalmin roba da gorar ruwa, bindiga ɗaya tak za mu fita da ita, tawa.