Kada Mu Bari Mazari Ya Kwanta: Jawabi Ga Matan Jega, Aliero Da Maiyama



Yau maganarmu a kan kaɗi take. A ƙasashe irin su Maroko da Turkiyya, ulu suke kaɗawa daga jikin tumaki. Tumakinmu kuwa, uda da balami, gajeren gashi gare su, ba ya kaɗuwa. Mu auduga Allah ya ba mu.

Sana'ar nan ba ta yau ba ce. A shekarar 1853 Bature matafiyi, Heinrich Barth, ya sauka a Gwandu, ya kuma yaba kyan saƙar mutanen wurin. Wannan saƙa da zaren hannun mata aka yi ta. Da zaren kamfani da yadin waje suka cika kasuwa, sai aka jingine mazari. Su ma manyan masaƙun ba su tsira ba: masaƙar KTL ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1957, ta rufe a 2002.

Mun san aikin. A gurza auduga a fitar da angurya, a shiɓe ta da baka har ta yi laushi, a shafa alli a yatsu, sannan a murza mazari. Zare siriri na tsayen saƙa ne, abawa kuma ta kwance. Jarin kaɗan ne, kuma tsohuwa ko gwauruwar da ba ta iya noman albasa tana yin sa a tsakar gida, ta sami kuɗin gishiri da sabulu ba tare da roƙon kowa ba.

Gaskiya ita ce, zarenmu ba zai yi gasar araha da na kamfani ba. Ƙarfinsa yana wurin masaƙan gwado da zanen gargajiya. Saboda haka muna roƙon abu uku. Na farko, kowace ƙungiya ta ware wani abu daga adashe, ta sayi auduga da kaka tun tana da sauƙi. Na biyu, mu yi ciniki da masaƙi tun kafin mu fara kaɗi. Na uku, kowace uwa mai kaɗi ta zaunar da yarinya biyu kusa da ita bayan makaranta.

Masu wannan ilimi sun tsufa. In suka tafi ba su koyar ba, babu kasuwar da za mu sayo shi.